Likitan Ƙasusuwa da Takalmin Ƙanena

Sau biyu na karanta littafin nan, kuma ra'ayina biyu ne a kanshi. A Sakkwato na saye shi, wurin wani mai baza tsofaffin littattafai ƙasa kusa da tasha. Bangon baya ya yage, wani ma ya taɓa zuba mishi shayi. Da Turanci anka rubuta shi. Ni malamin makaranta ne a Sabon Birni, Turancin nake koyarwa, kuma tun ina saurayi Allah ya jarrabe ni da son labaran kisan kai da bincike. Uwargidana takan ce duk unguwarmu ba wanda ke tafiya har birni ya sayo wa kanshi tashin hankali sai ni.

Labarin wasu 'yan daba ne masu yawo kan manyan babura a ƙasar Turawa, suna sayar da ƙwaya, suna kashe juna. Wata rana anka tsamo gawa daga wani tafki, ta lalace har ba fuska. Sai anka kai ta wurin wani tsohon likita wanda aikinshi ke nan, binciken gawa. Ya auna ƙashin cinya ya faɗi tsawon mutumin. Ya duba haƙora ya faɗi shekarunshi. Ya hango wata tsohuwar karaya a hannu, anka bi asibitoci anka samo hoton ƙashin na tun lokacin da ya karye, ya ɗora wannan kan wancan, sunka dace. Kafin littafin ya ƙare mamaci ya sami sunanshi, uwarshi ta sami gawar ɗanta.

Ba wai ba shi da aibi ba. Marubucin ya cika surutu kan babura, sai ya ɓata shafi biyar kan inji guda, sai ka ce dillalinsu ne. Akwai wata soyayya da ya cusa a tsakiya wadda ba gishiri ba barkono. 'Yan dabar kuwa wawaye ne na ƙarshe. Sun ɗinka sunan ƙungiyarsu a bayan riga, sun yi zane a damtse, 'yan sanda na da hoton kowa cikin fayil. Na yi dariya har da ƙwalla. Yo wane irin ɓarawo ne zai rubuta sunanshi a baya ya hau titi?

Amma likitan, kai, likitan ya shiga raina. Yana da hali guda: ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. 'Yan sanda su matsa mishi, dangin mamaci su yi kuka gabanshi, shi dai sai ya girgiza kai ya koma kan ƙasusuwanshi. Na ɗauki wannan a matsayin cikar mutum. Har cikin aji na riƙa yi wa ɗalibai wa'azi da shi, ina buga tebur, wai kada wanda ya ce ya sani alhali zato yake yi.

Namu masu baburan ba su ɗinka suna a riga. Uku-uku suke hawa, fuska a naɗe, bindiga a kafaɗa, kuma in ka ji ƙarar mashin da yawa lokaci guda daga wajen daji, ba ka tsayawa ƙirga su.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara tsakaninmu. Shi bai yi boko ba, kuma bai taɓa jin ya yi hasara ba. Fatauci yake yi da mashin, ya kai kaya kasuwannin Nijar ya dawo da dabino da cuku, wani lokaci ya yi wajen garin Isa. Dogo ne, mai yawan tsokana. In ya same ni da littafi sai ya ce, “Malam, yau wa anka kashe?” In ce mishi ya tafi ya ba ni wuri. Ya yi aure shekara biyu kafin abin, ya zauna da matarshi a sashen da ke kusa da ɗakin Inna, mahaifiyarmu.

Cikin damina ne, gero ya rufe tsawon mutum. Ya ɗaure buhu biyu na takin zamani zai kai wa wani abokin cinikinshi a wani ƙauye gaban Tozai. Ya fita da safe, bai dawo ba. Wayarshi a kashe. Munka zauna jiran kira, don a wurinmu, Allah ya yafe muna, kiran ɓarayin daji albishir ne, yana nufin mutum na da rai. Kwana ɗaya, kwana uku, kwana bakwai, ba wanda ya kira.

Ran na takwas labari ya zo ta bakin masu zuwa kasuwar Isa. Mutanen wani ƙauye can gaban Tozai sun tsinci gawa biyu cikin gero, sun rufe su nan inda sunka same su.

Akwai yadda ake yi a nan tun da wannan masifa ta zo, ba wanda ya rubuta shi amma kowa ya san shi. In anka tsinci gawar baƙo, ba a barin ta. Ana yi mata sutura a rufe, sai a tattara abin da anka samu a jikinta, hula ko takalmi ko laya, a rataye a zauren mai gari. Duk gidan da ke neman mutum sai su aiko namiji guda. Ya duba kayan, ya ji bayanin waɗanda sunka yi rufin, ya koma gida da magana ɗaya. In ya ce shi ne, to shi ne. Liman ya karɓa, a zauna makoki, a yi sadaka, mata ta shiga takaba. Wanda anka aika shi ke ɗaukar nauyin a wuyanshi don sauran gida su samu su yi kuka.

Inna ta ce ni za ni tafi. “Kai ne babba, kai ka yi karatu,” in ji ta. Matar ƙanena tana bayan labule, ba ta fito ba. Dama ba ta fitowa gabana. Ni yayan mijinta ne, kunya ce tsakaninmu, shekara biyu ba mu taɓa haɗa ido ba, gaisuwa ma daga nesa take durƙusawa ta yi.

Na bi ta Isa. Daga nan da ƙyar na sami ɗan kabu-kabun da ya yarda ya kai ni, shi ma da sharaɗin kafin azahar mu juyo. Ƙauyen rabinshi ya watse, gidaje da yawa an jingine musu ƙyaure da itace. A zauren na tarar da wani manomi daga wajen Gatawa, dattijo siriri, shi ma ɗanshi yake nema. Ga kuma tsohon da ya jagoranci rufin, mai gajeren farin gemu, idonshi ɗaya ya yi fari.

Kayan ba su da yawa. Na gawa ta farko, hula ce kawai da carbi. Na ta biyu, takalmin taya guda, an ɗaure igiyarshi da shuɗiyar waya, da robar ɗaure kaya irin wadda ake yankawa daga tsohon tif na taya, da 'yar kwalbar turare.

Manomin ya ɗauki hular, ya juya ta, ya kai ta hanci. Ya daɗe haka. Sannan ya ce, “Ɗana ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya sa ta cikin aljihu, ya yi wa kowa godiya, ya fita. Wallahi a raina raina shi na yi. Na ce ka ji jahilci, hula irin wannan akwai ta kan mutum ɗari ranar kasuwa.

Na ɗauki takalmin. Raina ya ba ni nashi ne, ba zan ɓoye ba, don na san ƙanena na gyara takalminshi da waya, kuma na sha ganin shuɗiya. Turaren ma irin nashi ne. Amma sai na ji likitan nan ya miƙe tsaye cikin kaina. Wane ɗan kasuwa ne ba ya ɗaure takalmi da waya? Wane mai mashin ne ba ya da roba?

Na juya ga tsohon na fara tambaya kamar mai ɗaukar jawabi.

“Baba, dogo ne ko gajere?”

“Dogo ne.”

“Fuskar fa?”

“Ɗana, kwana nawa cikin ruwa da rana? Gefe guda dai ya saura, na ga tsage. Bagobiri ne.”

“Duk ƙasar nan Gobirawa ne, Baba. Haƙoranshi fa? Yana da wushirya?”

Ya kalle ni da idon nan mai gani. “Mi kake nufi? In buɗe bakin Musulmi matacce in ƙirga haƙora? Ruwa munka kwarara mai, munka naɗe shi cikin tabarma, munka yi salla muna waige. Mashin guda munka ji can nesa, rabin sahu ya watse.”

Na ce a kai ni wurin. Sunka kai ni, ba da son ransu ba. Tudu biyu ne a bakin gona, an jibga musu ƙaya saboda karnuka. Tsohon ya nuna na dama. Abin da na yi, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na tsaya gefen kabarin na auna tsawonshi da tafin ƙafata, ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa a fili, mutane na kallona.

Sannan na faɗi abin da ke raina. Ƙanena ya taɓa faɗuwa da mashin ya karye a ƙaurin hagu, mai ɗori ya ɗora shi, wurin ya warke da ƙulli. Na ce in anka tona kaɗan ta wajen ƙafa, in shafa ƙaurin, magana ta ƙare.

Tsohon ya sunkuya ya gyara wata ƙaya da ta zame. Da ya ɗago ya ce, “Malam, mun sai da rayukanmu munka suturta wanga bawan Allah. Ba mu san shi ba. Ba za mu tona shi ba, kai ma ba za ka tona shi ba. Ranar da ɗan'uwanka ya bi hanyar ga, ranar anka ji harbi. Ga takalmi, ga tsawo, ga tsage. Tahi gida ka ce shi ne, ka bar mata su yi kukansu. In ka yi kuskure, Allah ya san ba da gangan ba.”

Na ce ni ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Da ƙarfi na faɗa, har da ɗaga yatsa, irin yadda nake yi cikin aji. Tir da ni.

Na iso gida bayan la'asar, zaure cike da maza, mata sun taru ɗakin Inna. An ma shimfiɗa tabarmi, kowa ya gama shirin jin abin da za ni ce. Na ajiye takalmin gaban Inna na ce, “Ya yi kama da nashi, amma ban tabbatar ba.”

Inna ta ce, “Shi ne ko ba shi ba ne?”

“Ban sani ba, Inna.”

“To mi ka tahi yi?”

Liman ya ja ni gefe. Mutum ne mai sanyi, ya karantar da ni tun ina ƙarami. Ya ce shari'a ba ta ɗora mini yaƙini ba a irin wannan hali, zato mai rinjaye ya isa, kuma alamomin da na lissafa sun fi isa. Na ce in gobe ya shigo da ƙafarshi fa, bayan matarshi ta yi takaba? Ya ce sai mu yi murna, mu yanka rago. Na ce ni ba zan sa hannuna ba. Ya ce to in haka ne ya zama ɓatacce, kuma matar ɓatacce shekara huɗu take jira bayan an kai magana gaban alƙali. Na ce a jira. Ni da ke kwana ɗakina da iyalina, ni na ce a jira.

Anka naɗe tabarmi. Mutane sunka watse ba su san ko su yi gaisuwa ko su ce Allah ya bayyana shi ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da hayaniya, shi ya sa ban gan shi da wuri ba. Ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta arba'in ba. Inna ta koma zaman bakin ƙofa duk ranar kasuwa, tana tare fataken da sunka dawo daga Nijar tana tambaya ko sun ga wani dogo mai ɗan ɗingishi. Da farko suna tsayawa, daga baya sai sunka riƙa sauya hanya. Wata rana ta tambaye ni, in ta idar da salla, wace addu'a za ta yi mishi, ta masu rai ko ta waɗanda sunka riga mu. Na ce ta yi duka biyu. Ta ce bakinta ba ya iyawa, in ta fara ɗaya sai ta ji ta ci amanar ɗayar. A damina ta biyu ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Bayan rasuwarta ne na sake ɗauko littafin. Ina ji neman wanda zai ce na yi daidai nake yi. Na karanta shi cikin kwana biyu, kuma wannan karon ba abin da na gani sai abubuwan da na tsallake da farko. Likitan nan yana da ɗaki mai sanyi da zai ajiye gawa wata uku ba ta canja ba. Yana da wuta ba ɗaukewa, da na'urori, da asibitocin da ke adana hoton ƙashin kowa. Yana da 'yan sandan da za su tsare wurin da anka tsinci gawa, ba mai auna kabari yana waige. In ya ce bai tabbatar ba, nufinshi a dawo mako mai zuwa, kuma mako mai zuwa zai tabbatar. Ni da na ari maganarshi, wane mako ne nawa?

Kuma marubucin ya yi ha'inci, wannan na riƙe shi da shi har gobe. Uwar mamacin nan shafi biyu kacal ya ba ta. Ta fito ta yi kuka, ta ɓace, ba a sake ganinta ba sai ranar da anka miƙa mata amsa. Mi ta ci a tsakani? Wace addu'a ta yi? Bai sani ba, ko kuwa bai damu ba, yana can yana yabon inji. Littafi ne mai daɗi ga wanda ba ya jiran kowa. In kana da naka a daji, kada ka taɓa shi, zai sa ka ɗauki taurin kai ka kira shi gaskiya. Wannan shi ne ra'ayina na biyu, kuma shi za ni tafi da shi kabari.

Amma ko bayan na gane, ban buɗe baki ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Ta yaya za ni tara mutane bayan shekara biyu in ce na sake shawara, alhali ba wata sabuwar shaida?

Damina ta uku, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, ina zaune ƙofar ɗakina ina gyara takardun jarrabawa. Sai na ga inuwa. Matar ƙanena ce. Ta zo har gabana, ta durƙusa kan ƙasa mai laima, ta ɗago kai ta dube ni cikin ido. Ban taɓa sanin kamanninta sosai ba sai ranar. Ta rame, kuma ashe yarinya ce ƙwarai, ba ta fi ɗalibaina na ajin ƙarshe da yawa ba.

Ta ce, “Yaya, ka gahwarce ni, yau za ni yi rashin kunya.”

Na ture takardun gefe.

“Ba aure nike so ba, kada ka zaci haka. Amma na gaji. In na sa lalle, a ce ta manta da miji. In ban sa ba, a ce tana yi mai fatan mutuwa. In an yi biki ban san sahun da za ni zauna ba. In an yi rasuwa na tahi gaisuwa, sai in ji ina kishin matar mamacin, wallahi Yaya kishinta nike, don ita an ce mata nata ya rasu.”

Na fara cewa ai ban tabbatar ba, maganar ta fito da kanta don sabo. Ta katse ni, abin da ba ta taɓa yi wa ko ƙaramin yaron gidan ba.

“Ban ce ka sani ba. Kai anka aika. Ka hwaɗi.”

Alƙalami na hannuna. Na ajiye shi. Na ce, “Shi ne. Allah ya jiƙanshi, shi ne.”

Ta rufe ido ta yi salati a hankali. Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta dunƙule su cikin tafi. Na zaci tashi za ta yi. Sai ta ce akwai abu guda da take son ji tun ranar da na dawo, kunya ta hana ta.

“Da ka tsaya bakin kabarin, ka yi mai addu'a?”

Ni kaɗai ne nashi da ya taɓa tsayawa wurin, kuma ba wanda zai sake tsayawa, don ƙauyen ya tashi gaba ɗaya tun bara, hanyar ma ba a bin ta. Na tsaya can kusan rabin awa. Na tambayi tsawo, na tambayi haƙora, na yi gardama da tsoho. Ko Fatiha ban karanta ba.

Ta gani a fuskata. Ta ce, “To, ba komi, Yaya.” Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwarta, ta nufi sashensu. Ban jima ba na ji kukanta ya tashi daga ɗakin, sannan na uwargidana, sannan na matan maƙwabta da sunka fara shigowa suna tambayar wa ya rasu.